Maki 300 sun tafi, aikin bai zo ba: yadda ake lissafin sa'a a wasan RuneScape

 

Yau za mu yi lissafi. Na san da na ce lissafi wasu har sun kai hannu za su kashe, to ku dakata. Ba irin wanda ya ba ku ciwon kai a sakandare ba ne. Tarawa ce da rabawa da ɗan ninkawa, kalkuletar wayarku ma ta isa. Kuma ko ba ka taɓa buga wasan da za mu yi magana a kai ba, ka tsaya, domin ƙarshen maganar ya shafi aljihunka.

Abin da ya jawo maganar shi ne saƙon da wani ɗan uwa ya turo min daga Zariya. Yana buga Old School RuneScape a waya. Ya ce ya yi watanni yana tara maki har ya kai 300, ya kuma kai mataki na 85 a fannin Slayer, wanda shi ne matakin da ake fara kashe dodannin da ake kira abyssal demon. Ya je wurin Duradel ya karɓi aiki, ba su aka ba shi ba. Ya soke, ya sake karɓa, ba su ba ne. Haka ya yi ta sokewa har sau goma, makin suka ƙare tas, ya tashi da aikin da ya fi tsana. Sai ya ce min: "Don Allah ka gaya min gaskiya, anya wasan nan ba ni yake yi wa mugunta ba? Kuma tunda na sha wahala haka, ai na gaba dole ya zo ko?"

Ɗan uwa, tambaya biyu ka yi, kuma amsar duka biyun a'a ce. Amma bari mu bi a hankali, don waɗanda ba su san wasan ba su gane.

RuneScape wasa ne na intanet da kamfanin Jagex na birnin Cambridge a Ingila ya fitar a shekarar 2001. Irin wasan nan ne da kake da mutum ɗaya naka, kana yawo da shi cikin wata duniya tare da dubban mutane, kana sare itace, kana kamun kifi, kana faɗa, kana ɗaga matakinsa. A 2013 suka dawo da tsohon salon wasan kamar yadda yake a 2007, suka sa masa suna Old School RuneScape, sannan a 2018 ya shigo waya.

Cikin fannonin wasan akwai Slayer, wato farautar dodanni bisa umarni. Akwai wasu iyayen gida da ke ba da aikin. Turael na garin Burthorpe shi ne na 'yan koyo. Akwai Vannaka, akwai Chaeldar, akwai Konar, akwai Nieve, sannan akwai Duradel na Shilo Village, wanda ba ya kula ka sai ƙarfin faɗanka ya kai mataki na 100, Slayer ɗinka kuma ya kai 50. Ka je wurin ɗayansu, ya ce je ka kashe dodo kaza guda kaza. Ba kai ke zaɓa ba, shi ke zaɓa maka. Ka gama, a ba ka maki. Idan ba ka son aikin, ka biya maki 30 a soke shi. Kuma wannan fanni na masu biyan kuɗin mamba ne, ko dai da kuɗin gaske duk wata, ko da Bond da ake saya da zinaren cikin wasa. Saboda haka lokacin da ka ɓata a kan aikin banza, kuɗi ne ka ɓata, ga data, ga caji.

To yaya ubangidan yake zaɓa?

Kuskuren farko da mutane ke yi shi ne su ƙirga ayyukan su raba. Mutum ya ce ayyuka biyar ne, saboda haka kowanne ɗaya cikin biyar. Ba haka ba ne. Kowane aiki yana da wata lamba da ake kira nauyi, kuma nauyin bai zama ɗaya ba.

Ku kwatanta shi da leda baƙa da aka zuba alawa a ciki. Lambobin da zan kawo yanzu nawa ne, na misali, don lissafin ya yi sauƙi. A ce ubangida yana da ayyuka biyar: aljanu nauyinsu 12, karnuka 10, dodannin dutse 8, ƙattai 6, ƙwari 4. Wato a ledar akwai alawa 12 da aka rubuta aljanu, 10 karnuka, 8 dodannin dutse, 6 ƙattai, 4 ƙwari. Jimilla 40. Ka rufe ido ka zura hannu ka ɗauko ɗaya. Yiwuwar ka ɗauko aljanu 12 ce cikin 40, wato kashi 30 cikin 100. Karnuka kashi 25. Dodannin dutse kashi 20. Ƙattai 15. Ƙwari 10. Ka tara su, 100 cif.

Shi ke nan dokar. Nauyin aikin da kake so, ka raba shi da jimillar nauyin duk ayyukan da za a iya ba ka. Ku lura da wannan kalmar: waɗanda za a iya ba KA. Nan ne mutane da yawa suke zamewa. Ledar kowa daban ce. Idan matakinka bai kai na wani dodo ba, ko ba ka gama wani labari da ke buɗe yankinsa ba, alawarsa ba ta cikin ledarka. Shi ya sa ba za ka ɗauki lissafin abokinka ka ɗora wa kanka ba, ko da kuwa wurin ubangida ɗaya kuke zuwa.

Yanzu ga inda abin yake da daɗi. Wasan ya ba ka dama ka toshe wasu ayyuka, kada a sake ba ka su. Toshewa kuwa kwashe alawar ce daga leda gaba ɗaya. A misalinmu, idan ka toshe karnuka, an cire 10, saura 30. Aljanu sun zama 12 cikin 30, kashi 40. Daga 30 zuwa 40, ka ga an samu ci gaba. Amma a ce ƙwari ka toshe saboda su ka fi tsana. An cire 4 kawai, saura 36. Aljanu 12 cikin 36, kashi 33 da ɗan ɗoriya. Gurbi ɗaya ka yi amfani da shi a duka biyun, amma ribar ba ɗaya ba ce.

Darasi na farko ke nan: ba aikin da ka fi tsana za ka toshe ba, aikin da ba ka so kuma ya fi nauyi shi za ka toshe. Zuciya za ta ce toshe wancan da ya ɓata maka rai ran nan, lissafi kuma yana cewa wancan ai da wuya ma ya sake zuwa. Kuma guraben toshewa ba su da yawa. Kowane maki 50 na labaran da ka kammala ne yake buɗe maka gurbi ɗaya, don haka ba abin wasa da shi ba ne.

Akwai kuma ɗaya gefen. Ɗaga mataki yana ƙara alawa a leda. A ce ka kai wani mataki, ko ka biya maki ka buɗe wani sabon dodo mai nauyi 10. Jimilla ta tashi daga 40 zuwa 50. Aljanunka da suke kashi 30 sun dawo 12 cikin 50, kashi 24. Ba abin da aka rage musu, tuwon ne aka ƙara wa masu ci. Shi ya sa za ka ji tsofaffin 'yan wasa suna cewa kada ka buɗe aikin da ba ka da niyyar yi.

To mu dawo kan mutumin Zariya, mu yi amfani da lambobi masu girma, tunda ledar babban ubangida ta fi ta misalinmu cika nesa ba kusa ba. Mu ce nauyin aikin da yake nema 12 ne, jimillar ledarsa kuma 240. Wannan 12 cikin 240 ke nan, kashi 5 cikin 100, ɗaya cikin 20. Idan ya toshe manyan ayyuka biyar masu nauyin 11, 10, 9, 9, 9, an cire 48, saura 192. Yanzu 12 cikin 192, ɗaya cikin 16 cif. Da kuwa ƙanana ya toshe, irin masu 2, 2, 3, 4, 5, da 16 kawai aka cire, saura 224, wato kusan ɗaya cikin 19. Kun ga bambancin.

Mu yi masa adalci mu ce ya toshe daidai, yana kan ɗaya cikin 16. Da maki 300 zai iya sokewa sau goma, wato zai ga ayyuka 11 idan aka haɗa da na farko. Mene ne yiwuwar aikin ya fito ko sau ɗaya cikin 11 ɗin?

A nan akwai wata dabara da nake so kowa ya riƙe, domin ita ce zuciyar shirin yau. Idan kana son sanin yiwuwar abu ya faru ko sau ɗaya, kada ka bi ta gaba, bi ta baya. Ka fara lissafa yiwuwar bai faru ba sam, sai ka cire daga ɗaya. Idan muka ɗauka kowane ɗauka zaman kansa yake yi, to yiwuwar ka rasa a karo ɗaya 15 ce cikin 16. Ka rasa sau biyu a jere, 15 cikin 16 sau 15 cikin 16. Sau 11, ka ninka shi da kansa sau 11. Ku gwada a kalkuleta: 15 raba 16 zai ba ku 0.9375. Ku ninka shi da kansa har sau 11, za ku samu wajen 0.49. Wato kashi 49 cikin 100.

Ɗan uwa, ka ji? Ranar da ka tsaya gaban Duradel da makinka 300, tamkar kwabo ka wurga sama. Rabin mutanen da suka yi abin da ka yi, da hannu biyu za su koma gida kamar yadda ka koma. Ba wanda ya yi maka mugunta. Lissafin ne ba ka yi ba kafin ka fara.

Kuma idan kana son ka san farashin gaskiya na farautar aiki guda ɗaya tal, ga shi: ɗaya cikin 16 yana nufin a matsakaici za ka soke 15 kafin na 16 ya zo. 15 sau 30, maki 450 ke nan a kan aiki ɗaya. Wani zai samu a karon farko ya zo yana cika baki, wani sai ya ƙone 900 bai gani ba.

Wannan dabarar ta bi ta baya ba sabuwa ba ce. A shekarar 1654 wasu masana lissafi biyu na Faransa, Blaise Pascal da Pierre de Fermat, suka yi ta musayar wasiƙu a kan tambayoyin wasan sa'a, kuma daga nan ne ake ƙirga tushen wannan fanni. Wanda ya tsokano maganar wani ɗan caca ne da aka fi sani da Chevalier de Méré. Ɗaya daga cikin matsalolin da ake jingina masa za ku iya gwadawa da ɗan ludo na gida. Idan ka jefa sau huɗu, mene ne yiwuwar shida ta fito ko sau ɗaya? Wani zai ce ɗaya cikin shida sau huɗu, ai huɗu cikin shida ke nan, kashi 67. Kuskure ne. In da haka ne, da duk wanda ya jefa sau shida dole ya ga shida, alhali duk wanda ya taɓa zama yana kallon 'ya'yansa huɗu a gida an kusa cinye wasa ya san ƙarya ne. Lissafin daidai shi ne biyar cikin shida, a ninka sau huɗu, ya ba da kashi 48. Ka cire daga 100, saura kusan 52. Ɗan rinjaye ne kawai.

Wannan ya kawo mu ga abin da na fi so ku tafi da shi: "ɗaya cikin 20" ba ya nufin in ka yi 20 za ka samu. Ku lissafa: 0.95 sau kansa har 20, kusan kashi 36 ne. Wato cikin mutum 100 da suka karɓi ayyuka 20, kusan 36 ba za su ga abin da suke nema ba. A ayyuka 40, kusan 13 suna nan suna jira. A ayyuka 60, har yanzu akwai mutum huɗu zuwa biyar. A ɗaya ɓangaren kuma, rabin mutanen sun samu tun kafin su wuce aiki na 14. Masu sa'a da marasa sa'a duk cikin lissafi ɗaya suke, ba wanda ya fita daga tsari.

Abin da mutumin namu yake nema a jikin waɗancan dodanni, na tabbata, bulalar nan ce da ake kira abyssal whip. Ita kuma ɗaya cikin 512 take faɗowa. Ka kashe 512, yiwuwar ka samu kashi 63 ce kawai. Ka kashe 1,024, har yanzu kashi 13 da rabi na mutane ba su gani ba. Ka kashe 1,536, wato ninki uku, kashi 5 suna nan hannu rabbana. Mutum ɗaya cikin 20 ke nan. Wasan da dubban mutane ke bugawa, ai dole kullum a samu wani yana kuka cewa shi aka tsana. Kuma ku lura da wani abu: ko ɗaya cikin 20 ne, ko ɗaya cikin 512, ko ɗaya cikin 5,000, idan ka gwada daidai adadin lambar, amsar tana zagaye kashi 63 zuwa 64. Ku riƙe wannan lambar, za ta hana ku hawan jini.

Yanzu tambayarka ta biyu, wadda ta fi damuna. Ka ce tunda ka sha wahala, na gaba dole ya zo.

Ledar ba ta san ka ba. Ba ta san ka yi asarar maki 300 ba, ba ta san wuta ta ɗauke kana tsakiyar aiki ba. Dodo na 600 da za ka kashe, ɗaya cikin 512 ne, daidai da na farko. Babu wani littafi da ake rubuta maka bashi a ciki. A watan Agusta na 1913, a gidan cacar Monte Carlo, ƙwallon tebur ta faɗa kan baƙi sau 26 a jere. Mutane suka yi ta zuba kuɗi a kan ja, kowa yana cewa ai yanzu kam dole ja ya zo, suka yi asarar dukiya mai yawa. Teburin bai san sau nawa baƙi ya fito ba. Su ne suke ƙirgawa, shi ba ya ƙirga komai.

Wani zai ce, to ai akwai wasannin da in ka daɗe ba ka samu ba ake ba ka. Gaskiya ne, kuma ya kamata a bambance. A Genshin Impact, misali, yiwuwar samun jarumi mai tauraro biyar kashi 0.6 ce cikin 100 a asali, amma an rubuta ƙarara cewa ba za ka wuce ja 90 ba tare da ka samu ba. Wannan wasa ne da aka gina masa ƙwaƙwalwa da gangan, kuma aka sanar. Inda ba a rubuta irin wannan alkawari ba, kada ka ƙirƙira wa kanka shi.

To mene ne abin yi? Tunda ba za ka iya tilasta wa leda ba, sai ka gyara abin da ke hannunka.

Na farko, ka daina farautar aiki ɗaya, ka yi jerin ayyukan da ka yarda za ka yi. Lissafinsu mai sauƙi ne, tara nauyinsu kawai za ka yi. Idan waɗanda ka yarda da su sun kai 96 cikin 192, rabi ke nan. Amma rabi ya isa? Mu duba. Duradel yana ba da maki 15 a kowane aiki. Kowane aiki na goma a jere 75 ne, na hamsin kuma 225. Cikin ayyuka 50, kana da 45 masu 15, wato 675. Huɗu masu 75, wato 300. Ɗaya mai 225. Jimilla 1,200. Ka raba da 50, maki 24 ke nan a kowane aiki. Idan rabi kake yi rabi kake sokewa, duk aikin da ka gama ka biya 30 a kan wanda ka soke, ka samu 24. Kana asarar 6 kowane zagaye. Ba za ka ji ba a rana ɗaya, amma kamar tulu mai yoyo ne, wata rana za ka leƙa ka ga ba komai. Kafin asusunka ya tsaya daidai, sai kana yin kusan 56 cikin kowane ayyuka 100 da aka ba ka. Abin da ya haura haka shi ne ajiyarka.

Na biyu, ka auna toshewa da sokewa. A wurin Duradel toshewa 100 ce, sokewa 30. Ke nan idan za ka soke aiki ɗaya har sau huɗu, 120, gara ka toshe shi. To cikin wane lokaci zai zo sau huɗu? Mai nauyi 10 cikin 240 yana zuwa sau ɗaya cikin 24, wato kafin ayyuka 100 ya mayar maka da kuɗinka. Mai nauyi 2 kuwa sau ɗaya cikin 120 yake zuwa, sai ka karɓi ayyuka wajen 480 kafin ya zo sau huɗu. Irin wannan idan ya zo, ka biya 30 ka wuce, ko ka daure ka yi shi.

Na uku, akwai Turael. Idan aka ba ka aikin da ba ya cikin jerin nasa, zai iya canza maka da ƙaramin aiki ba tare da maki ba. Sai dai kyautar tana da ƙugiya: jerin ayyukan da ka tara zai koma sifili. Idan kana kan aiki na 48, ka je wurinsa, ka yar da 225 da ke gabanka saboda gudun biyan 30. Sokewa da maki kuwa ba ta taɓa jerin. Ka duba inda kake kafin ka tafi.

Na huɗu, masu zuwa wurin Konar, ku tuna ita ba dodo kawai take zaɓa muku ba, har da wurin da za ku kashe shi. Leda biyu ke nan, kuma idan abu biyu ne dole su haɗu, ninkawa ake yi, ba tarawa ba. A ce dodon kashi 10 ne, wuraren kuma huɗu ne masu nauyi ɗaya. Samun dodon a wurin da kake so ɗaya cikin 10 sau ɗaya cikin 4 ne, wato ɗaya cikin 40. Doka ce mai sauƙi: "wannan ko wancan", a tara. "Wannan da wancan", a ninka.

Na biyar, kuma wannan naka ne kai na Zariya. Idan bulala kawai kake so, ba sai an ba ka aikin ba. Da mataki na 85 za ka iya zuwa ka kashe abyssal demon ko ba a aike ka ba. Abin da za ka rasa shi ne ƙwarewar Slayer da ƙarin ƙarfin da hular farauta ke bayarwa idan kana kan aiki. Ba kamar Cerberus ko Kraken ba ne, waɗanda sai da aiki ake shiga wurinsu. Ka duba lissafin jira: a ce kowane aiki dodo 160 ne, 512 raba 160 ya ba da aiki uku da ɗan abu, kowanne kuma sau ɗaya cikin 16 yake zuwa. Ayyuka wajen 51 ke nan a matsakaici kafin bulala ɗaya. Wato maki 300 ɗin da ka ƙona, ƙofa ka yi ta bugawa alhali taga a buɗe take.

Wasu za su ce za su riƙa rubuta ayyukansu su gani ko lissafin gaskiya ne. Abu ne mai kyau, ku yi. Amma ayyuka 30 ba za su nuna muku komai ba. Abin da yake ɗaya cikin 16, cikin 30 zai iya zuwa sau huɗu, zai iya ƙin zuwa sam, kuma duk daidai ne. Sai adadin ya yi yawa sosai sannan abin da ka ƙirga yake matsowa kusa da lissafi. Wannan ita ce dokar da aka buga a littafin Jacob Bernoulli a 1713. Amfanin rubutawa na gaske shi ne zai kama ƙwaƙwalwarka tana yi maka ƙarya. Mukan tuna ranar da aka ba mu mugun aiki sau uku, mu manta makon da komai ya tafi lafiya.

Bari in rufe da abin da na ce ya shafi aljihu. Maki 300 a wasa ba komai ba ne, za ka sake tarawa. Abin da nake tsoro shi ne wannan tunanin na "ai yanzu dole ya zo" ya bi ka waje. Shi ne yake sa yaro ya yi ta sayen akwatin sa'a a wasan waya da kuɗin gaske. Matsalar ta kai ga a 2017 ƙasar Sin ta wajabta wa kamfanoni su bayyana yiwuwar abin da ke cikin irin waɗannan akwatuna, a 2018 kuma Beljiyam ta ɗauke su a matsayin caca. Kuma shi ne dai yake riƙe matasanmu a cacar ƙwallo. Mutum ya haɗa wasa goma a takarda ɗaya, tara su ci, ɗaya ya yanke, ya ce saura kaɗan. Ku yi masa lissafin "wannan da wancan". Ko da kowane wasa yana da tabbacin kashi 70, ka ninka 0.7 da kansa sau goma, ƙasa da kashi 3 cikin 100 za ka samu. Ba saura kaɗan ba ne, tun farko ba ka kusa ba. Ban da abin da addini ya faɗa a kai, wanda kowa ya sani, lissafi ma bai goyi bayanka ba.

Ga aikin gida. A ledarmu ta farko mai alawa 40, a ce ka toshe karnuka da ƙattai duka. Kashi nawa aljanu suka zama? Sannan idan ka zura hannu sau uku, kana mayar da alawar kowane karo, mene ne yiwuwar ka ga aljanu ko sau ɗaya? Ku bi ta baya kamar yadda muka yi. Zan karanta amsoshin da suka dace a shiri na gaba.

Kai kuma ɗan uwa na Zariya, ka je ka gama aikin nan da ka tsana, ka tara maki, ka fara da toshe manya. Idan bulalar ta faɗo ka turo mana hoto.

 Ku tura wa abokin nan naku da kullum yake cewa shi ba shi da sa'a. Sai mun haɗu a mako mai zuwa in Allah ya kai mu. Ku huta lafiya.